Guduma a cikin kogo: tambayoyi da amsoshi kan tona kogwanni da fasa su

Duk wanda ya daɗe yana ratsa kogwanni, wata rana sai ya tsinci kansa kwance rubda-ciki a gaban wata 'yar kafa da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Iska mai sanyi tana busowa daga ciki tana bugun fuskarsa, kuma ya san iskar nan ba a banza take ba. Akwai sarari a can baya, mai yiwuwa babba, wanda ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa takawa ba. Guduma da kurfi suna cikin jaka, abokan tafiya suna baya suna jiran ya ce wani abu. Tambayoyin da na tattara a nan daga irin wannan wuri suka taso, kuma ban ɓoye ra'ayina ba: mai son sauya kogo shi ne zai kawo hujja, domin abin da hannunsa ya yi zai daɗe fiye da shi da jikokinsa.

Me ake nufi da sauya kogo?

Duk abin da zai raba kogo da yadda aka same shi. Akwai na fili: kwashe ƙasa da duwatsun da suka toshe hanya, faɗaɗa matsatsi da kurfi ko nakiya, huda bango a kafa ƙusar ɗaura igiya, saka ƙofar ƙarfe, zuba kankare, jawo lantarki. Akwai kuma wanda ido bai cika kamawa ba, kamar sawun takalmi a kan laka, maiƙon hannu a jikin farin dutse, ɓurɓushin abinci, da ƙwayoyin cuta da ke maƙale a tufafi. An fi tayar da jijiyar wuya a kan na farko, amma na biyun ma ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

Ai dutse ne. Me zai same shi?

A doron ƙasa in ka taka ciyawa ta kwanta, damina ɗaya ta isa ta tashe ta. Ruwan sama yana wanke sawu, iska tana share ƙura, rana tana busar da abin da aka zubar. Can cikin kogo babu rana, babu ruwan sama, zafi da sanyi kusan ɗaya ne shekara da shekaru. Abin da ka bari haka zai zauna. Kogon Chauvet na ƙasar Faransa, zaftarewar dutse ta toshe bakinsa fiye da shekara 20,000 da suka wuce, amma bayan an gano shi a 1994 an tarar da sawun beyar da na wani yaro a kan laka kamar jiya suka wuce. Yadda lakar ta riƙe nasu, haka za ta riƙe na takalminka.

Sai kuma haƙoran dutse, masu reto daga rufi da masu tsirowa daga ƙasa. Ruwan sama ne ke ratsa ƙasa ya kwashi iskar kabon, ya yi ɗan tsami, ya riƙa narkar da dutsen farar ƙasa kaɗan-kaɗan. In ya ɗiga cikin kogo sai iskar kabon ɗin ta fice, ya bar wani siririn ɓawon ma'adini. A kogwanni da yawa abin da ake samu bai wuce santimita 10 a shekara 1,000 ba. Haƙori mai tsawon kamu ɗaya zai iya kai shekara dubu huɗu ko fiye, kuma hular kwano ɗaya ta isa ta karya shi in mutum ya miƙe bai duba sama ba.

Na taɓa tsayawa gaban wani bango da ma'adini ya malale a kansa, fari fat, yana ƙyalli a hasken fitilar goshi. A tsakiyarsa akwai shatin hannu, yatsu biyar na jar laka, inda wani ya dafa don ya huta. Ruwa bai daina ɗiga a wurin ba, har wani siririn ɓawo mai sheƙi ya rufe lakar. Wanda ya kai mu ya ce sun gwada wankewa abin ya faskara, domin lakar ta riga ta shige ƙarƙashin dutse. Na tabbata mai hannun bai yi da mugun nufi ba, gajiya ce ta kama shi. Har yau in na tuna hannun nan sai raina ya sosu.

To ke nan tona kogo bai halatta ba sam?

Ban ce haka ba, kuma wanda ya ce haka bai yi wa tarihi adalci ba. Kogon Lechuguilla da ke jihar New Mexico a Amurka, an daɗe ana ɗaukarsa ɗan rami ne da aka taɓa haƙar kashin jemage a ciki. Sai dai masu shiga suna jin iska na ruri daga ƙarƙashin tarin duwatsun da ke ƙasansa. Wasu masu bincike suka nemi izinin hukumar gandun dajin, suka fara tono a 1984, suka ɓulla ranar 26 ga Mayu, 1986. Yau an auna fiye da kilomita 240 na hanyoyinsa. A ciki ne aka samu bakteriya da suka rabu da doron ƙasa shekaru miliyoyi amma suna jure wa magungunan kashe ƙwayoyin cuta na zamani, abin da ya nuna wa masana cewa wannan juriya ta girmi magungunan kansu nesa ba kusa ba.

Haka kogon Bruniquel a kudancin Faransa. Wani matashi ne ya shafe shekara uku yana kwashe duwatsu kafin ya samu shiga a 1990. Mita 336 daga bakin kogon aka tarar da gutsattsarin haƙoran dutse kusan 400 an jera su da'ira-da'ira, da alamun wuta. A 2016 aka bayyana shekarunsu: kimanin 176,500, aikin mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen da da ya shuɗe. Da yaron bai tona ba, da har yanzu babu wanda ya sani.

Saboda haka tono yana da gurbinsa, amma da sharaɗi. A samu izinin mai ƙasa da hukumar da ke kula da wurin tun kafin a ɗaga dutse ɗaya. A bambanta tsakanin kwashe duwatsun da suka zubo suka toshe hanya da fasa uwar dutsen kanta, domin na farko ana iya mayar da shi, na biyu kuwa bakin alƙalami ya bushe. A san inda za a zuba abin da aka kwaso, kada ya binne wani abu ko ya tare ruwa. Ƙasar da ta cika hanya kuma ba shara ba ce. Hawa-hawa take, kowane hawa da zamaninsa, a ciki akwai ƙasusuwa da gawayi da ƙurar furannin da suka tsiro dubban shekaru baya. Wanda ya ci karo da ƙashi ko gawayi ko fasasshen kasko, ya ajiye shebur ya kira masana. In aka cakuɗa hawa-hawan nan, ko ƙashin yana hannu labarinsa ya tafi.

Me ya sa ake yawan maganar iska in an zo batun buɗe sabuwar ƙofa?

Domin kogo yana numfashi. Mai ƙofa ɗaya yana shaƙa yana fitarwa a hankali. In ka huda masa ta biyu a sama ko a ƙasa da ta farko, ka mayar da shi bututun hayaƙi: lokacin sanyi iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, lokacin zafi ta juya. Laimar da ta kusa kai kashi 100 cikin 100 sai ta ragu, haƙoran da ke jiƙe su bushe su dushe, girmansu ya tsaya. Ƙananan halittun can ciki, farare marasa ido, jikinsu ba ya jure bushewa. Jemagun ƙasashen sanyi masu barcin hunturu kuwa, don sanyin wuri suke zaɓensa. In ya ɗumama ko da kaɗan ne, jikinsu zai ƙone kitsen da suka tara kafin hunturu ya fita, su mutu da yunwa a inda suke rataye.

Shi ya sa a Lechuguilla aka mayar da inda aka tona da bututun ƙarfe mai ƙofa biyu, ba a buɗe ta biyu sai an rufe ta farko. Wanda ya buɗe hanya, wajibinsa ne ya mayar wa kogon da numfashinsa yadda ya same shi.

Matsatsi ya hana ni wucewa, abokaina sirara sun wuce. Laifi ne in an ɗan sassaƙe shi?

Wannan tambaya tana taɓa zuciya, don babu mai son a bar shi a baya yana jin muryoyin 'yan uwansa suna nisa. Duk da haka amsata ita ce a bar matsatsin.

A 2013 wasu masu shiga kogo biyu suka gano wani ɗaki cike da ƙasusuwa a kogon Rising Star na Afirka ta Kudu. Hanyar shigarsa wani tsukakken rami ne mai zurfin kusan mita 12, a wani wurin faɗinsa santimita 18 kacal. Masanin da ya jagoranci aikin, Lee Berger, jikinsa bai shiga ba. Injin fasa dutse bai gagare su ba, amma sai ya yi shelar neman ƙwararru sirara, aka zaɓi mata shida. Su suka sauka suka tono ƙasusuwa fiye da 1,500, waɗanda a 2015 aka sanar cewa na wani jinsin dangin ɗan Adam ne da ba a sani ba, aka raɗa masa suna Homo naledi. Shi kuwa yana sama cikin tanti yana kallo ta kyamara. Sai a 2022, bayan ya rage kilo 25, ya samu shiga da kansa.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Matsatsi mai gadi ne. Shi ke rage yawan ƙafafun da ke isa ɗakin da ke bayansa, shi ke tsayar da wanda bai shirya ba. Ranar da aka faɗaɗa shi don mutum ɗaya, an buɗe wa ɗaruruwa. Na san akwai inda bincike zai ɗauki shekaru a bayan wani tsukakken wuri da ba za a iya fito da mai rauni ta cikinsa ba, kuma ƙungiya ta zauna ta yanke shawarar faɗaɗawa. Wannan ina fahimtarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ɗaya ya yanke hukunci nan take, yana haki, guduma a hannu.

Nakiya fa?

A da ba a yi mata dogon tunani. A 1947 a kogon Sterkfontein na Afirka ta Kudu, nakiya masanin ƙasusuwan da Robert Broom ya sa, ta fito masa da shahararren ƙoƙon kan wani tsohon jinsin dangin ɗan Adam da ake kira Mrs Ples, amma ta raba shi gida biyu. An yi sa'a an haɗa.

Yanzu an fi huda ƙananan ramuka da inji mai batir, a sa ɗan abin fashewa kaɗan, ko a jera ramukan a riƙa buga ƙarafa masu tsini har dutsen ya tsage. Ɓarnar ta ragu, amma hayaƙin nakiya guba ne kuma yana daɗewa inda iska ba ta gudu, girgizar tana karya siraran haƙora, tana kuma sassauta duwatsun rufi ta bar wa na baya tarko. A yawancin ƙasashe sai da lasisi ake riƙe ta. Abin da ya fi damuna shi ne sauƙin da aikin ya yi. Lokacin da faɗaɗa taku ɗaya ke cin watanni, mutum yana samun lokacin sake tunani. Yanzu yini ɗaya ya isa.

Kafa ƙusa a bango don ɗaura igiya ma ɓarna ce?

Huda ce, kuma ba ta toshewa. Amma mai sauka rami mai zurfin mita 50 ransa yana rataye da ita, don haka babu mai hankalin da zai hana. Matsalar tana wajen yawa. Tsofaffin ƙusoshin da ake bugawa da hannu suna tsatsa, haƙoransu suna cinyewa, kowace tawaga ta zo ba ta amince da na waɗanda suka gabace ta ba sai ta huda nata. Kafin a ankara bakin rami ɗaya ya yi ramuka ashirin, kamar fuskar da zanzana ta ci, har ma a rasa lafiyayyen dutsen da za a huda. A yankin Yorkshire na Ingila, tun farkon shekarun 1990 ƙungiyoyin masu shiga kogo suka haɗa kai suka koma kafa ƙusoshin ƙarfe mara tsatsa da ake liƙawa da gam mai ƙarfi. Waɗanda aka horar ne kaɗai ke kafawa, ana rubuta inda kowace take, ana kuma duba lafiyarta. Kafi ɗaya mai kyau da kowa zai yi amfani da shi shekaru da yawa. Inda kuwa akwai ƙahon dutse ko kafar da igiya za ta zagaya lafiya, babu dalilin huda.

In mutum ya maƙale ko ya ji rauni, shin ana duba lafiyar kogo?

Rai ya fi dutse, a nan babu saɓani. A watan Yunin 2014 dutse ya faɗo wa wani mai bincike, Johann Westhauser, a ka, yana zurfin kusan mita 1,000 cikin kogon Riesending na Jamus. Mutum fiye da 700 suka yi aikin ceto, aka kafa ƙusoshi da matakai da igiyoyi birjik, aka fito da shi da rai bayan kwana 11. A 2018 a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, don ceto yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya tare a ciki an karkatar da rafuffuka, an zuƙe ruwa ba dare ba rana har gonakin manoman da ke kusa suka nutse. Wani mai ninƙaya, Saman Gunan, ya rasa ransa a cikin aikin. Babu wanda ya ce a dakata saboda kogo, kuma daidai ne.

Sai dai wanda ya shiga da ganganci, babu shiri, babu duba yanayin ruwa, ya sani cewa in abu ya faru shi ya jawo wa kogon guduma, ya kuma jefa masu ceto cikin haɗari. Bayan an gama ceto kuma, kwashe abin da aka bari a ciki yana cikin aikin.

Ya dace a toshe kogo gaba ɗaya bayan wani ya mutu a ciki?

A watan Nuwamban 2009 wani matashi, John Jones, ya maƙale kai a ƙasa a wani tsukakken lungu na kogon Nutty Putty a jihar Utah ta Amurka. An yi fiye da yini guda ana fama, Allah bai yi ba. Fito da gawar ya gagara, sai aka yanke shawara da iyalinsa a bar shi a can, aka zuba kankare aka toshe bakin kogon. Masu shiga kogo da yawa ba su ji daɗi ba, suna ganin a rufe lungun kaɗai ya isa. Ina jin zafin iyalin, kuma wurin ya zama kabari, dole a girmama shi. Amma ba na so wannan ya zama al'ada. Kankare yana yanke iska, yana hana duk wata halitta shiga da fita, kuma kogon bai yi laifin komai ba.

To ƙofar ƙarfe kariya ce ko ita ma cuta ce?

Ya danganta da yadda aka ƙera ta. An sha gina bango ko saka ƙyaure a bakin kogo da niyyar kare jemagu, sai ya zama gyaran gangar Abzinawa: iska ta canza, wurin ya ɗumama, ko jemagun su riƙa cunkoso a 'yar kafar da aka bar musu, maguna da macizai suna tsince su. Daga baya aka koyi darasi. Ƙofa mai kyau sanduna ne a kwance, tsakaninsu kimanin santimita 15, jemage ya wuce da fikafikansa a buɗe, mutum kuwa ba zai iya ba, iska kuma ta bi yadda ta saba. Wasu jinsunan ko wannan ba sa yarda da ita, sai dai a kewaye bakin kogon da shinge daga nesa.

Kogwannin yawon buɗe ido fa, masu matakala da fitilu?

A nan zuciyata ta rabu biyu. Wanda bai taɓa ganin cikin kogo ba, da wuya ya damu in an ce za a fasa shi a yi siminti. Kogon Postojna na Sulobeniya yana da layin dogo a cikinsa tun 1872, da lantarki tun 1884, kuma miliyoyin mutane a can suka fara sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Amma dubi abin da ya faru da kogon Lascaux na Faransa. Samari huɗu suka gano shi a 1940, da zanen dawakai da bijimai da suka kai kimanin shekara 17,000. Aka faɗaɗa ƙofa, aka kwashe ƙasa, aka buɗe wa jama'a a 1948. Baƙi suka kai wajen 1,200 a rana. Numfashinsu da ɗumin jikinsu da hasken fitilu suka sa gansakuka ta fara bin bango, dole aka rufe a 1963. Tsugune ba ta ƙare ba, don a 2001 wata farar fumfuna ta ɓarke a ciki, daga baya kuma baƙaƙen tabo suka biyo. Abin da ya zauna lafiya dubban shekaru, shekara 15 na baƙi suka kusa gamawa da shi. An gina kwafinsa a kusa aka buɗe a 1983, can baƙi suka koma. Da aka gano Chauvet ba a maimaita kuskuren ba, ba a taɓa buɗe shi ga jama'a ba, kwafinsa aka buɗe a 2015.

Ra'ayina shi ne a wadatu da 'yan kaɗan da aka riga aka buɗe, a kula da su sosai, a riƙa kashe fitila in babu kowa don gansakuka ba ta tsira sai da haske. Sauran a bar kaza cikin gashinta.

Na tsinci haƙorin dutse a ƙasa, ya riga ya karye. Zan iya ɗauka?

A'a. Wanda ya gan shi a ɗakinka bai san a ƙasa ka tsince shi ba, abin da ya koya shi ne ana ɗaukowa. In ya fito waje kuma bushewa yake yi, ƙyallin ya tafi. Karyayyen ma yana da amfani a inda yake: masana suna karanta tarihin damina da fari a cikin zoben jikinsa, wani lokaci kuma masu gyara suna iya mayar da shi mazauninsa. Saye da sayarwa ya fi muni, don kasuwa ita ke aika ɓarawo da guduma. A 2006 wani ya ɓalle fiffiken wani ma'adini mai siffar malam-buɗe-littafi a kogon Sonora na jihar Texas, abin da mutane ke tahowa daga nesa don su gani.

A wasu kogwanni ana adana sunayen mutanen da, amma ni an hana ni rubuta nawa. Ina adalci?

Gaskiya ne, a kogon Mammoth na jihar Kentucky akwai rufin da baƙin ƙarni na 19 suka cika da sunayensu da hayaƙin kyandir, kuma ana kiyaye su. Sun zama shaidar wani zamani da ba a san illar abin ba. Mu mun sani, kuma mun ninka su yawa. In kowa ya rubuta, bango ba zai saura ba.

Goge rubutu ma sai da ilimi. A 1992 wata ƙungiyar matasa a Faransa ta shiga kogon Mayrière da kyakkyawar niyyar share rubuce-rubucen banza da burushin ƙarfe, suka haɗa da zanen ɓauna guda biyu masu shekara kusan 15,000. Garin gyaran gira aka rasa ido. Kafin ka goge komai, nemi wanda ya san kogon.

Wace ɓarna ce ba a gani da ido?

Wadda ta fi kowacce kisa. A 2006 aka fara ganin jemagu da farar fumfuna a hanci a wani kogo na jihar New York. Cutar tana tashinsu daga barcin hunturu akai-akai har kitsensu ya ƙare, kuma ta kashe miliyoyi a Arewacin Amurka. Fumfunar tana nan a Turai da Asiya inda jemagun can suka saba da ita, kuma zato mafi ƙarfi shi ne mutane ne suka tsallako da ita. Shi ya sa ake wanke takalmi da igiya da tufafi tsakanin kogo da kogo, a jiƙa su cikin ruwan zafi da bai gaza digiri 55 ba.

Abinci ma haka. Can ciki abin ci ya yi ƙaranci ƙwarai, don haka ɗan abin da ka zubar babbar gara ce. A 2024 ma'aikatan kogon Carlsbad na jihar New Mexico suka ba da labarin ledar abin taɓa ka lashe na masara, Cheetos, da wani baƙo ya yar: laima ta jiƙa abin da ke ciki, fumfuna ta tsiro, ƙwari suka taru, abin ya fara bazuwa a kan dutse. A kogon nan dai masu aikin sa kai suna taruwa su tsince zaren tufafi da gashin da ke zuba daga jikin baƙi. Masu binciken Lechuguilla kuwa a kan buɗaɗɗiyar leda suke cin abinci don kada ɓurɓushi ya faɗi, kuma bayan gidansu a jaka suke fitowa da shi.

Jemagu suna ɗauke da cuta. Me zai hana a kore su?

An gwada. A mahaƙar Kitaka ta Yuganda, bayan cutar Marburg ta kama masu haƙar ma'adini a 2007, aka kashe jemagun wurin. Wasu suka dawo suka cika shi, kuma da aka auna, masu ɗauke da ƙwayar cutar a cikinsu sun ninka na da fiye da sau biyu. A 2012 cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. Abin da ya fi shi ne a nisanci inda suke taruwa, musamman lokacin haihuwa da lokacin barcin hunturu, kada a taɓa su, kada a tayar da ƙurar kashinsu.

Wa ke da ikon ba da izini? In doka ta yarda ai shi ke nan ko?

Mai ƙasa da hukuma su ne na farko. Amurka tana da dokar kare kogwannin da ke ƙasar gwamnatin tarayya tun 1988, ƙasashe da dama kuma suna da irin tasu. Amma takardar izini ba ta wanke komai da komai. Ranar 24 ga Mayu, 2020 kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogwannin Juukan Gorge a yammacin Ostareliya don faɗaɗa mahaƙar ƙarfe. Mutane sun zauna a wurin tun shekara 46,000 baya, kuma 'yan asalin yankin, Puutu Kunti Kurrama da Pinikura, suna ɗaukarsa wuri mai alfarma. Kamfanin yana da izini a hannu bisa doka. Duniya ta yi ca, shugaban kamfanin ya sauka, kogwannin kuwa sun tafi.

Mai shiga kogo ba kamfani ba ne, amma tambayar ɗaya ce: su wa ke da alaƙa da wurin nan, an tambaye su? Kogo da yawa kabari ne ko wurin ibada. Wani kuma ruwan da ke bi ta cikinsa shi ke ɓulla a maɓuɓɓugar da mutane ke sha, in ka karkatar da shi ko ka gurɓata shi, su za su ɗanɗana.

Ɓoye inda kogo yake ba son kai ba ne?

Wani lokaci son kai ne. Amma ga labarin Gary Tenen da Randy Tufts. A 1974 suka gano wani kogo a jihar Arizona, kuma su ma sai da suka faɗaɗa wata 'yar kafa da guduma da kurfi kafin su shiga. Sun ga yadda aka lalata wasu kogwannin yankin da fenti da kwalabe, sai suka yi gum. A 1978 suka sanar da iyalin Kartchner masu ƙasar, aka ci gaba da riƙe sirrin har 1988 lokacin da gwamnatin jihar ta saye wurin. Da aka buɗe shi ga jama'a a 1999, an riga an saka ƙofofi masu riƙe laima. Shekara 14 suna riƙe da bakinsu, kuma ba don su more shi su kaɗai ba. Ɓoyon da nake goyon baya ke nan: a sanar da mai ƙasa da masu iya karewa, a ajiye taswira inda ba za ta ɓata ba, amma kada a watsa wurin a intanet.

Na faɗa sabuwar hanya da babu sawun kowa. Me zan fara yi?

Tsaya cak, ka haska ƙasa kafin ka haska sama. Duba ko akwai sawu, ƙashi, gawayi, ɓawon ma'adini mai kama da ƙasa mai ƙarfi alhali ƙanƙanin nauyi zai fasa shi, ko ɗan tafkin da ruwansa ya yi garau har ba a ganinsa. Zaɓi layi ɗaya inda ɓarna za ta fi ƙaranci, kowa ya sa ƙafa inda na gaba ya sa, a shimfiɗa kirtani mai launi hagu da dama don na baya su san iyaka. In za a taka farin ma'adini, a tuɓe takalmi mai laka da rigar sama, a sa masu tsabta da aka taho da su a leda. A riƙa awo ana zana taswira tun daga takun farko, domin kada wata tawaga ta sake tattaka wurin don aikin da ya kamata a ce an gama. In kuwa babu hanyar wucewa sai ta kan abin da zai karye, a ɗauki hoto, a rubuta a littafin awo cewa hanya ta ci gaba, a juya a kawo maganar gaban sauran 'yan ƙungiya da mai kula da kogon.